Bakwai Cikin Goma

Litinin, 2 ga Satumba

Yau na yi wa 'yan ajina darasin da na fi so. Na zana tsani a allo, na jera kalmomin Turanci na sa'a da kasada a kan matakansa: impossible a can ƙasa, sai unlikely, sai likely, har certain, wato tabbas, a ƙoli. Shekara goma sha ɗaya ina wannan zane. Kowace kalma da matakinta, ba hayaniya. Wataƙila shi ya sa nake son sa. Ni na tashi a gidan da sa'a ke shigowa da ihu ranar Lahadi, Lahadi ta gaba ta fita da buhun shinkafarmu. Shekara arba'in mahaifina, Tatay, ya yi a dandalin faɗan zakaru, yana haɗa 'yan caca da alamar yatsu. Har mahaifiyata, Nanay, ta rasu ba ta yafe wa zakara ba. Ni ma haka.

Ana tashi daga makaranta yayana, Manong Rodel, ya bugo waya. Tatay ya yanke jiki ya faɗi wajen ba kaji ruwa.

Laraba, 4 ga Satumba

Asibiti, a birnin Iloilo. Dakta Villaruel ta gaishe da Tatay da yarenmu, sannan ta juyo gare ni ta koma Turanci, yadda suke yi idan maganar ta yi nauyi. Zuciya ce, sai an yi aiki. A shekarunsa, cikin mutum goma, bakwai ne ke tashi. Idan ba a yi ba, ta ce unlikely ne, wato da wuya, ya ga Kirsimeti biyu. Kalmata ce, ta mataki na biyu daga ƙasa. Na rubuta ta da alli ya fi sau ɗari, sai yau na ji ta a hanjina.

Tana fita Tatay ya kira ni da sunan da yake kirana a gida, ya ce, "Inday, me ta ce?"

Na ce, "Ƙaramin aiki ne, Tay. Kowa na tashi. Tabbas ne."

Haka na ɗauke shi cak na ɗora a saman tsani. Ya bi ni da kallo.

Alhamis, 5 ga Satumba

Manong ya ce na yi daidai. "A gidanmu wa ya taɓa gaya wa mara lafiya gaskiya? Tsoron ne zai riga ciwon kashe shi." Haka muka yi wa Nanay. To me ya sa na kasa cin abinci?

Asabar, 7 ga Satumba

Tatay ya ƙi sa hannu a yi masa aikin.

Nas ta kawo takardar, ya ture ta da bayan hannu kamar mai korar ƙuda. Na kai masa faten shinkafa da citta, ya shanye tas, amma biro ko kallonsa bai yi ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, har da kukan da ban shirya ba.

Ya ce, "Malama, ki koya wa yara abinki, ni kada ki koya mini. Shekara arba'in, duk ranar da na ji an ce zakara tabbas ne, to an yi wa ɗayan wani abu. Ba na shiga wasan da ban san yadda yake ba."

"Tay, wannan fa ba caca ba ce!"

"To mece ce? Za su tsaga ni kamar kifi, ki ce ba caca ba ce? Ku kai ni gida in mutu kusa da kajina."

Na yi ƙarya don ya yarda, ƙaryar ce ta hana shi. Dakta ta ce ranar Alhamis kaɗai take da wuri, idan ta wuce sai wata mai zuwa, kuma ba ta son yadda ƙafafunsa ke kumbura.

Lahadi, 8 ga Satumba

Na kunna kyandir a coci. Ban san me na roƙa ba.

Talata, 10 ga Satumba

Dakta ta zo zagayen safe. Tatay ya yafito ta, ya ɗaga hannayensa biyu, yatsu goma a buɗe. Ya lanƙwasa ɗaya, ya tsura mata ido, yana tambayar nawa ne cikin goma. Ita kuwa ta waiwayo ta dube ni. Manong yana bayanta yana girgiza mini kai kamar wuyansa zai cire.

Ban san lokacin da hannayena suka tashi ba. Na ɗaga bakwai.

Tatay ya ƙirga su a hankali, leɓensa na motsi. Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Bakwai? Bakwai kuke ɓoye mini? Kai, 'ya'yan nan! Ranar da na je neman uwarku ko biyu ban kai ba."

Da ya huta ya ce, "In kuma ban yi ba fa?" Wannan ba ta da yatsu. Na gaya masa da baki, da yarenmu, Kirsimeti biyun duka, ban rage komai ba. Ya ɗaga kai ya kalli fanka. Can ya ce a miƙo biro.

Manong bai yi mini magana ba har muka sauka daga mota.

Laraba, 11 ga Satumba

Wasiyyarsa kaf a kan jan zakaransa ta ƙare: kada a ba shi masara da yawa, a riƙa shafa masa ƙirji da safe. Na ce ni ba na taɓa abin nan. Ya ce, "Na sani, Inday." Ya riƙe hannuna ya daɗe. Tafinsa ya yi laushi a kwana goman nan, ban ji daɗin haka ba. Ina tsoron ukun nan da suka rage cikin goman, wallahi ina tsoronsu.

Juma'a, 13 ga Satumba

Awa shida jiya muna kan benci ana yi wa Tatay aiki. Ya fito.

Yau da hantsi ya buɗe ido. Akwai roba a bakinsa, ba halin magana. Ya ɗago hannu da ƙyar ya buɗe yatsu, yana tambaya. Na fita na sami Dakta, ta ce ba a gama fita daga haɗari ba tukuna, amma yanzu tara ne. Na dawo na tsaya inda zai gan ni. Babban yatsana ya so ya miƙe tare da 'yan'uwansa, na danne shi. Tara na nuna masa. Ya ƙirga, ya lumshe ido.

Ranar Litinin akwai maimaicin darasin tsani. Ina jin zan sa yaran su ajiye biro su ɗaga hannu, don dai su fi saurin ganewa.

Na biya ta gida na ba jan zakaran abinci. Yunwa yake ji, shi ke nan. Gashinsa guda da na tafi da shi asibiti a jakata tun jiya da safe kuwa, a ƙasa na tsince shi, ba wai don neman sa'a ba ne.