Saratu Ta Ajiye Takunkumi

Assalamu alaikum Gwaggo Binta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Ya Alhaji da yara, ya zaman Legas? Mu nan lafiya lau, gero ya fitar da kai, alhamdulillahi.

Na rubuto ne don hankalinki ya kwanta game da ƙanwata Saratu. Tun da 'yan ajinsu suka sa ta a gaba saboda billen fuskarta, ba ta fita sai da takunkumi. Har wani mai ta sayo wai yana goge tabo, ya ƙona mata kumatu. Baba ya yi faɗa, ni na yi lallashi, duk a banza.

Ranar Asabar muka je suna Tsanyawa. Da aka kawo tuwo, dole ta sauke takunkumin. Sai wata dattijuwa ta kama haɓarta, ta ce, "Wannan billen gidan su Binta ne! Ina ƙawata?" Ashe Talatu ce, wadda kuka yi tallar fura tare. Ta ce a kasuwa, ko daga nesa da billen nan take gano ki, kuma ita har kuka ta yi don gidansu ba a yin bille.

Gwaggo, tun daga ranar nan, Saratu da fuskarta a buɗe take zuwa makaranta. Takunkumin kuwa, da shi Inna take sauke tukunya.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida mutanen gida. Saratu ta ce ki turo mata hotonki, wanda billen ya fito sosai.

'Yarki,
Hadiza