Yayan matata na neman fasa sabar asibitinmu

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake.

Ina kula da kwamfutoci a wani asibitin kuɗi a nan Daura, har da saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya. Na rubuta wani ɗan furogiram da ke duba ta a kai a kai, duk wanda ya sa kalmar sirri ba daidai ba sai saƙo ya shigo wayata. Kwanan nan saƙonni suka yi ta shigowa, kullum da azahar in mun fita jam'i, da sunan Likita mai asibitin ake gwadawa, amma daga kwamfutar sito. Mai sito kuwa yayan matata ne, shi ya samo min aikin.

Na san abin da yake nema. Matar da ya saka, 'yar Baure, za ta yi aure, ta zo gwajin jini a wajenmu. Ya daɗe yana yaɗa cewa tana da ciwo, so yake ya samu abin da zai kai wa dangin angon.

Na same shi cikin girmamawa, ya hau ni da zagi, wai butulu, wai leƙen asirinsa nake. Ya ce in cire furogiram ɗin ko in buɗe masa bayananta da kaina. Da na ƙi sai ya ce, "To ka zaɓa, ko bazawarar nan ko ƙanwata." A gida ma ba sauƙi, matata ta daina min magana, wai na fifita bare a kan jininta. Wallahi haushinsu duka nake ji, mutum da gemunsa ya bar salla yana laluben sirrin matar da ya kora da hannunsa.

Yanzu saƙonnin sun tsaya cak. Furogiram ɗina kuskure kawai yake gani, ke nan ko ya haƙura, ko ya dace da kalmar. In na bincika zan sani, in kuma na ga ya shiga dole in kai wa Likita, a kore shi, aurena ya shiga rawa. Ɗaurin auren baiwar Allahn nan Juma'a ne.

Jama'a, in duba ko in kau da kai?