Kunnen Kawu

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani da ya yi kewar yayarsa, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki lafiya da haƙurin zaman nesa, ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kike yi da mu. Mu nan gida lafiya, sai godiya. Inna tana samun sauƙi daidai gwargwado, kumburin ƙafarta ya ragu, tana kuma cin abinci fiye da watan jiya, ko da yake har yanzu faɗa muke yi da ita a kan gishiri. Wankin ƙoda yana nan yadda kika sani, Talata da Juma'a. Ƙanwarki ta warke daga ciwon haƙorin da ya dame ta, 'yan biyu sun shiga aji huɗu, awaki uku sun haihu.

Na san kina jin haushina, kuma kina da gaskiya. Sati uku ke nan da kika aiko da takardar masu sayar da mota, wadda suka jera na'urori ashirin da uku suka ce mai mota ya zaɓi waɗanda yake so a sa masa, kika kuma ce suna jiran amsa kafin ƙarshen wata. Ba raina kyautarki na yi ba, Yaya. Na sa an buga mini takardar, na cike ta da fensir, na goge, na sake cikewa, har ta huje a wuri biyu. Duk lokacin da kika kira sai in ce miki ina dubawa, domin abin da ke raina ba ya faɗuwa a waya. Shi ya sa na zauna na rubuta, kin san ni da biro na fi baki.

Kin daɗe ba ki bi hanyarmu ba, bari in tuna miki. Daga ƙofar gona zuwa asibiti kilomita sittin da ɗaya ne, talatin da takwas a ciki babu kwalta. Akwai rafi biyu, na farkon yashi ne, na biyun taɓo. Tsakaninsu waya ba ta kamawa ko kaɗan, na gwada a wuri goma sha ɗaya. Likita kuwa ya faɗa mini ƙarara cewa idan Inna ta rasa wanki ɗaya, ruwa zai taru mata a ƙirji. Saboda haka ni duk wata na'ura da na gani a takardar nan, tambaya ɗaya nake yi mata: za ta kai Inna asibiti ranar Juma'a ana ruwa, ko za ta ajiye mu a rafi?

Da farko amsata mai sauƙi ce, babu na rubuta a gaban duka ashirin da ukun. Dalilina shi ne abin da na gani da idona a daminar bara. Injiniyan masu haƙa rijiyar burtsatse ya zo da sabuwar motar daji, irin wadda allonta ya kai faɗin tire. Ya tsallake rafi na biyu lafiya, yana hawa tudu sai ta yi ƙara, ta rubuta wani abu a allon, ta mutu. Inji bai fashe ba, mai bai ƙare ba, ruwa ne kawai ya taɓa wata waya, ƙwaƙwalwar motar ta yanke hukuncin ba za ta tafi ba. Aka kira Kawu, tunda duk yankin babu bakaniken da ya kai shi. Ya buɗe bonet, ya tarar da murfin roba ya rufe komai, ya tsaya yana kallo, sannan ya mayar ya rufe. Ya ce wa injiniyan wannan wayar salula ce aka sa wa taya, a kai ta wajen masu gyaran waya. Tsohuwar motarmu Raƙuma, wadda ta girmi 'yarki ta fari, ita ta ja ta har bakin kwalta, kwana tara kuma motar tasa tana ajiye kafin mai kwamfuta ya zo. Kawu ya yi wata guda yana ba da labarin nan a gareji, kullum tudun yana ƙara tsawo.

Kin tuna yadda Kawu yake duba mota tun muna yara. Ya sa a tayar da inji, ya ɗora bakin doguwar sukudirebarsa a jikin ƙarfe, ya manna ƙotar a kunne, ya rufe ido. Minti biyu ya isa ya gaya maka abin da zai lalace da ranar da zai lalace. Saboda kunnen nan nasa ne ma ba mu taɓa gyara allurar da ke nuna zafin inji ba, shekara shida tana kwance. Ya ce mu bar ta ta huta, shi ne allurar. Tun da Inna ta fara wanki, duk Litinin da Alhamis da yamma nakan kai masa Raƙuma ya saurare ta, in ya ce a tafi sai hankalina ya kwanta.

To ga abin da ban gaya miki ba. Ranar huɗu ga watan nan na rubuta a littafina cewa ina jin wani siririn fito daga gaban inji idan ya yi zafi. Da yake ranar Alhamis ce, da yamma na gaya wa Kawu. Ya saurara, ya ce lafiyarta lau, ya ce ni Mai-biro da alƙalami nake jin ƙara ba da kunne ba. Muka yi dariya. Ranar takwas na sake rubutawa, fiton ya ƙaru. Ya sake saurara, ya ce in daina tsoratar da kaina. Ranar sha ɗaya na ji shi tun daga ƙofar gida, amma ban ƙara magana ba, na ce a raina wane ni in yi gardama da Kawu a kan inji. Washegari Juma'a, mun wuce rafi na farko da kilomita huɗu, sai na ji ƙas, tururi ya turnuƙe gilashi. Boris ɗin famfon ruwa ne ya cije, fambel, wato bel ɗin da ke juya shi, ya tsinke.

Yaya, awa biyu da minti arba'in muka yi a wurin. Na shimfiɗa wa Inna tabarma a inuwa, na hau kan mota ina ɗaga waya sama kamar mahaukaci. Ita kuwa tana jingine da taya, numfashinta yana fita da ƙyar, amma sai tsokanata take yi, wai in sauko kafin in faɗo ta rasa wanda zai riƙa ɓoye mata gishiri. Na yi dariya don kada ta ga fuskata. Wani mai tarakta ne Allah ya kawo, ya ja mu zuwa kwalta, daga nan muka samu motar haya. Mun isa an riga an ba wani gadonta. Babbar nas ta taimaka aka sa ta a ƙarshe, aka yi mata awa biyu da rabi maimakon huɗu. Inna ce ta hana in gaya miki, yanzu kuma na saɓa mata, ki yi kamar ba ki sani ba.

Bayan nan na ɗauko littattafaina na shekara biyu na bi su shafi shafi, kin san halina. Abin da na gani ya sa jikina ya yi sanyi, domin duk da hannuna na rubuta shi ban gane ba. Akwai ranar da na rubuta cewa rediyon gareji ya cika ƙara. Akwai ranar da na tambayi Kawu jikin Inna ya ba ni amsa a kan taya. Akwai inda na rubuta cewa ya koma sa sukudireba a kunnen hagu, har na yi mamaki na wuce. Kunnen Kawu ya tafi, Yaya, aƙalla siririn sauti ba ya shiga. Mu kuma mun ɗora ran Inna a kan kunnen nan. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Ni na ji fiton sau uku, na rubuta sau uku, a na ukun na yi shiru. Da sabuwar motar injiniya ce, da tun kwana takwas kafin nan ta kunna jar fitila, ita ba ta jin nauyin kowa.

Daga nan na rasa tudun dafawa. In na zaɓi mota marar na'ura, wa zai saurare ta? In na zaɓi mai ƙwaƙwalwa, wa zai lallashe ta idan ta yi fushi a rafi? Na bi masu motocin daji da na sani ina tambaya. Likitan dabbobi ya ce shi ko gilashi ba ya son mai hawa da maɓalli, a bar masa abin murzawa. Mai sayen zuma ya ce yana son duk abin da zai nuna masa hanya, don sau biyu yana ɓata. Injiniya, duk da abin da ya same shi, ya ce ba zai koma tsohuwa ba, bayansa ya huta. Kowa da irin dajin da yake tsoro. Babu ɗayansu da ke ɗauke da mahaifiyarsa sau biyu a mako.

Na je wa Inna da maganar kunnen, ina kewaye-kewaye. Ta katse ni ta ce ta fi shekara da sani, ƙaninta ne, tun yana rarrafe ta san shi. Ta ce duk abin da zan yi in yi, amma kada in kuskura in tsinka shi a gaban mutanen gareji, domin kunnen nan shi ne duk abin da ya tara a duniya. Sai ga shi ita da za a kai asibiti ta fi ni damuwa da shi. Na yi kwana biyar ina shirya kalmomin da zan faɗa masa, na rubuta su iri uku, ko ɗaya ban iya kai masa ba.

Jiya da hantsi sai ga shi da kansa ya zo gwada sabon famfon da ya sa. Ya tarar da takardar a kan teburina. Ya ɗauki tabarau ɗin Inna ya maƙala, ya ce in karanta masa in fassara, da ƙarfi, wai iska ta yi yawa. Kujera mai ɗumama baya, ya ce ko jinya za a yi a motar. Kyamarar ganin baya, ya ce wuyana lafiyarsa ƙalau. Ƙofar da ke buɗewa ba makulli, ya ce a bar wa ɓarayi. Haka muka bi har lamba sha bakwai, na'urar da ke lura da inji ta faɗi ciwonsa tun kafin ya lalace. A nan bai yi ba'a ba. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya tambaye ni ko da ƙara take faɗa ko da rubutu. Na ce da duka biyun. Ya ce to in sa mata alama, kuma in gaya wa yayata a tabbata rubutun manya-manya ne. Ban iya ɗaga kai na dube shi ba.

Da muka fita wajen Raƙuma ya ce in tayar da ita. Ya zaro sukudirebar daga aljihu, ya ɗora bakinta a kan famfon, sai ya juyo da ƙotar wajena. Ya ce daga yau ni zan riƙa saurare, in faɗa masa abin da na ji, shi kuma ya faɗa mini sunansa. Ya ce kuma idan na sake jin abu na rubuta a littafi na yi shiru, da sifanar kwance noti zai bi ni. Na sa kunne. Abubuwa kusan goma nake ji a lokaci guda, ban san wanne ne lafiya wanne ne ciwo ba.

Ga amsata, na haɗa takardar cikin ambulan ɗin nan, ki yi haƙuri da hujin. Uku na zaɓa: lamba sha bakwai, da mai nuna iskar taya, da mai kiran taimako inda waya ba ta kamawa. Sauran ashirin a bar su. Amma kafin ki biya ko kwabo, don Allah ki yi musu tambaya ɗaya, ki sa su ba ki amsa a rubuce. Idan motar ta ga matsala ta faɗa, za ta bar ni in ci gaba da tafiya a kan alhakina, ko ita za ta yanke hukunci ta tsaya? Ina son wadda za ta gaya mini gaskiya ko ban so, amma ta bar mini sitiyari. Idan sun ce babu irin wannan, ki kira ni mu sake shawara, don ni ban san abin da zan ce ba. Ki kuma tambaya ko akwai 'yar na'urar hannu da ake jonawa a karanta ciwon inji. In akwai, a rubuta sunan Kawu a kan kwalin, ba nawa ba.

Sun ce wata uku kafin motar ta iso, wato wanki ashirin da shida ke nan, kuma duk a cikin ruwa. Na sa an gyara allurar zafi jiya da yamma, Kawu da kansa ya ɗaura ta. Hadari yana haɗuwa ta gabas tun safe, gobe kuma Juma'a. Ki sa mu a addu'a.

Ki gaida mini maigidanki, ki yi masa godiya a kan hotunan da ya turo. Ki gaida yara, 'yar Likita da Sarkin Surutu, da Auta da ban taɓa ɗauka ba. Inna tana sa muku albarka, ƙanwarki da 'yan biyu suna gaisuwa. Kawu ma ya ce in gaishe ki, ya ce kuma ki daina kiransa a waya, layinku ne ba shi da kyau, ki riƙa rubuto masa.

Naki ƙani,
Mai-biro