Bugu Daga Ƙasan Rijiya

Paki, 9 ga Maris, 1953

Zuwa ga Yaya Ummuhani,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen Kudan. Yaya ƙafar Inna? Mu nan sai godiya.

Bayan haka, maigidanki Malam Iliyasu yana nan ƙalau, tuwon Paki har ya soma fito masa da tumbi. Ran da na ɗauke shi aikin rijiyar hukumar En'e kin ce amana kika ba ni, ban manta ba. Sai dai aikin ya zo da gardama. Duk wanda ya sauka, sai a jawo shi yana haki. Ya'u, ƙaton cikinmu, a sume muka fito da shi. Mutanen gari suka ce ai wurin na mutanen ɓoye ne. Kin san ni da taurin kai, kuma ni ne shugaban aikin, na ce gani ya kori ji. Na zura fitila da igiya, kafin ta kai ƙasa ta mutu. Na zura zakara a kwando, ya fito wuya a langaɓe. Nan na gane iskar ciki ce ta gurɓace. Na sa Tanko maƙeri ya kawo zuga-zuginsa, muka fafe sandunan gora muka harhaɗa har ƙasa, mutum na haƙa ana hura masa iska. Yanzu kowa na fitowa garas. Baturen ayyuka ma ya zo ya gani, ya yi ta jinjina kai.

Ki gaishe da Inna, ta sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Uwaisu

Paki, 28 ga Maris, 1953

Yaya Ummuhani,

Ina gaishe ki, ina fatan zafin nan bai takura wa yara ba.

Wannan kada ki karanta wa Inna. Na sauka da kaina, fitila na ci sosai, hankalina garau. Na buga dagi, sai na ji an buga daga ƙarƙashin ƙafata. Na ce amsa-kuwwa ce, na tsaya cak. Bugun bai tsaya ba. Na fito na roƙi matan unguwa su dakata da daka, na sa aka kora shanu nesa, na koma. Yana nan, a hankali, kamar na mai aikin da ba ya sauri.

Da muka tashi aiki na ƙulla igiya daidai zurfin da muka kai, na rufe bakin rijiyar da katako, na share ƙasa kewaye. Da safe ko sawun kaza babu, amma igiyar tana lilo, ba ta kai ƙasa ba. Can cikin rijiyar an tara ƙasar da aka haƙa da dare gefe guda tsaf, tana jiran guga. Yaya, tsoro nake ji, ban taɓa faɗa wa kowa haka ba. Na ce Malam Iliyasu ya koma gida ya huta, ya ƙi, wai can ƙasa akwai sanyi mai daɗi. Yanzu shi ke riga kowa kama igiya.

A gaida kowa da kowa.

Naki,
Uwaisu

Paki, 6 ga Afrilu, 1953

Yayata,

Ina fatan takardar nan ta same ku lafiya, kuma ta riga Malam Iliyasu isowa.

Ruwa ya fito. Mun buɗe katako ran Alhamis muka tarar da shi fal, fari tas, ba wanda ya haƙo shi a cikinmu. Gari ya ɗauki guɗa. Kin san al'adar mahaƙa, wanda daginsa ya taɓa ƙasa a ƙarshe shi ke fara sha. Malam Iliyasu ne. Zuciyata ta ce in hana, kunyar taro ta kama ni, da hannuna na miƙa masa ƙwaryar.

Jama'a na ta sha, ba abin da ya same su. Shi kaɗai ne ya canza. Ba ya ciwo, yana cin abinci, yana salla. Amma duk inda ya zauna sai ya ƙwanƙwasa ƙasa da bayan yatsa, ya karkata kai yana saurare. Jiya a masaukinmu, nesa da rijiyar, yana ƙwanƙwasawa na kwanta na kara kunnena a ƙasa kusa da shi. Wallahi an amsa masa.

Yau ya ce gida yake so, gobe zai biyo 'yan kasuwa. Ki kwashe fartanya da galma da duk wani ƙarfe ki kai gidan maƙwabta. In ya ce zai haƙa miki rijiya a tsakar gida, ki lallaɓa shi, ki kwashe yara ku tafi wurin Inna. An ba ni sabon aiki a Makarfi, na ce a ba wani, ina nan tafe da zarar na miƙa kayan En'e. Na yi ta juya abin nan a raina, ban samo dabara ba tukuna.

Ki yafe mini, Yaya.

Ƙanenki,
Uwaisu