Inna, Uwar Mijina Ta Ga Haƙorana

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa ta Geza,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar Allah ya ƙara haskaka makwancinki, ina rubuto miki daga Bagudo, daga ɗakin da kika jera mini kwanuka da hannunki. Na san matan da ke bina a waya ne za su karanta wannan, amma da ke nake magana.

Labarin wata Laraba zan ba ki, cikin makon bikin Hadiza ƙanwar mijina. Ranar ce wata mata daga ƙetaren iyaka ta sa mini yatsa a baki, a gaban uwar mijina, kuma tun daga lokacin zamana a gidan nan ya zama wani abu dabam. Sai dai in ban fara daga baya ba, za ki ce ɗiyarki ta zare.

Kin tuna ranar da za a kawo ni. Kin riƙe haɓata kika ce, "Balkisu, dariyarki nake tsoro. Ko akuya ta yi atishawa sai kin faɗi ƙasa. Gidan miji ba Geza ba ne. Kada uwar mijinki ta ga haƙoranki." Na ce to. Damina ba ta fita ba Allah ya karɓe ki, sai maganar ta zame mini wasiyya.

Abin da ba ki sani ba, Inna, gidan da kika kawo ni gidan Gwaggo ne. Haka kowa ke kiran uwar mijina, kuma duk unguwarmu babu mai ban dariya kamarta. Tana juya kifi a kan banda tana kwaikwayon mutane. Ta yi mai kwale-kwale yana faɗa da fasinja, ta yi mai gwanjo, ta yi tafiyar agwagwar maƙwabta. Mata su zo sayen kifi su manta da miya a kan wuta. Ni kuwa ina gefe ina wanke-wanke, da na ji dariya ta taso sai in sunkuyar da kai in datse haƙora. Safe da yamma haka nake.

Da farko har daɗi nake ji. Kin san ni da littattafaina, waɗanda kike cewa sun fi tsintsiya sanin hannuna. A cikinsu amaryar kirki murmushi kaɗan take yi, ta sadda kai, miji yana kallonta ta gefen ido. Na ɗauka na zama ɗaya daga cikinsu.

Sai muƙamuƙina ya fara ciwo. In na buɗe baki in ji ƙas kusa da kunne. Lomar tuwo sai na gutsura ta kamar ta jinjiri. Kaina ya riƙa sarawa ta gefe biyu, maigidan kuma ya ce a barci ina niƙa haƙora kamar mai ɓarzar gero. Ko a nan ban daddara ba. Na kwanta ina hasashen irin ciwon littafi, a ɗauke ni a doguwar mota zuwa babban asibiti, shi yana riƙe da hannuna ido ya yi ja. Abin da na samu shi ne man zafi da ya sayo a kasuwar Lolo, ya ɗauro a bayan babur tare da kwandon kifi. Har yau in na ji warin man sai in tuna tarwaɗa.

Gwaggo ta yi mini hayaƙi, ta karɓo rubutu, fuskata dai tana nan a ɗaure. Ta ƙara ƙaimi wajen wasanta, ni kuma na ƙara datsewa. Wata rana ina bayan zana na ji tana ce wa ɗanta, "Wagga ɗiya ba ta son ganina. Ban san mi na yi mata ba. Ka sayo bulo ka ja katanga, ka fitar mata da ƙofa ta waje, kada in takura marainiya." Ba da fushi ta faɗa ba, shi ya fi ci mini rai. Aka kawo bulo aka jibge a gindin darbejiya.

Inna, wallahi tun rasuwarki babu muryar da ke rage mini kewa kamar tata. Amma ta yaya zan gaya mata, ni da ko ruwa ba na sha a gabanta?

Ana cikin haka bikin Hadiza ya zo. Aka ɗauko mai gyaran amare, Tanti Bibata, Badendiya ce daga can gaba da Lolo, ɓangaren Benin. Tana dilka, tana lalle, kuma ta koyo wata tausar fuska a birnin Parakou wadda ake yi ta cikin baki. An sauke labule, an kori maza zuwa zaure. Ni na raɓe a bakin ƙofa ina leƙe, ina fatan ko za a shafa mini ragowar abin da zai sa fuskata ta yi sheƙi irin na matan littafi.

Tanti ta ɗago ta dube ni, ta ce da Hausarta mai gargada, "Wannan ta fi amarya buƙata. Ke, zo." Ta danna gefen kumatuna, na zabura. Ta ce tsokar da nake tauna da ita ta yi tauri kamar ɗanyen rogo. Ta tambaye ni ko ina da ciwon haƙori ko gyambo a baki, domin in akwai, asibiti ne farko, ita ba ta taɓawa. Na girgiza kai.

Gwaggo ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna daf da kaina. "Ba a sa wa ɗiyar mutane hannu a baki ba na nan," in ji ta. Ki duba wannan, Inna. Matar da take zaton ba na ƙaunarta.

Na kwanta a tabarma. Tanti ta wanke hannu da sabulu, ta sa sabuwar safar hannu ta roba, ta shafa mini man kaɗanya a kumatu da haɓa. Sannan ta zura babban yatsa cikin kuncina, sauran yatsun suna waje, ta kama naman a tsakani tana murzawa a hankali, tana bi har can ƙarshen haƙora. Ta sami wani ƙulli ta tsaya a kansa. Zafin ya tafi har cikin kunnena, hawaye ya gangaro, daga nan na ji wani ɗumi yana bazuwa, kamar an kwance ɗaurin da ya daɗe.

Gwaggo ta leƙo ta ce, "Hakanan muke cire ƙugiya daga bakin tarwaɗa. Bibata, in kin ciro ki ba ni, tawa ce." Ta ɗora yatsu a gefen hanci ta yi gashin bakin tarwaɗa, ta zaro ido, tana buɗe baki tana rufewa.

Dariyar ta taso, na yunƙura in datse kamar kullum, ga yatsan mutum a tsakanin haƙorana. Tanti ta ce, "In kin cije ni zan rama." Shi ke nan, Inna. Babu inda zan kai ta. Ta fito gaba ɗaya, irin wadda kika sani, mai shiɗewa da buga ƙafa. Tanti ta zare hannu tana salati, Hadiza ta ɓata lallenta, ni ina birgima a tabarma ina cewa a yafe mini.

Gwaggo ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta zuba mini ido, ta ce, "Ashe da haƙora a bakin. Har da wushirya! Ina zaune da mai wushirya ban sani ba." Sai ta ja bakin zane ta share ido.

Na rufe fuska da gyale na gaya mata abin da kika ce mini. Wannan ce doguwar magana ta farko da na yi mata. Gwaggo ta ce, "Allah ya jiƙan Hauwa. Da ta san ni da ba ta ɗora miki wanga aiki ba."

Da yamma na ci tuwon shinkafa da miyar kifi, loma cikakkiya, har na ƙara. Ciwon bai tafi duka a ranar ba, sai da Tanti ta sake yi mini kafin a watse biki, ta kuma nuna mini yadda zan riƙa sakin muƙamuƙi in na ji na fara datsewa. Fuskata ta saki, kumburin da nake tashi da shi da safe ya ragu. Ban koma wata daren sha huɗu ba, amma maigidan ya tsaya a ƙofa ya ce, "Wa ya musanya mini mata?" Wannan layin ya fi duk wanda na taɓa karantawa, ko da yake yana warin banda lokacin da ya faɗa.

Saura magana guda. Ashe Gwaggo ma tana da nata ciwon, shekaru tana tauna goro ta gefe ɗaya. Tanti ta yi mata, ta ji sauƙi, amma Tanti ta ce tausar tana son maimaici, ita kuwa gida za ta koma. Ta ce in akwai mai hannu mai taushi a bi ta can ta koya mata, matan Bagudo da Kende ma su huta da tafiya. Gwaggo ta nuna ni da haɓa. "Ke za ki koya. Na ga cikin bakinki, ke ma ki ga nawa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shiga. Dariya dai ta kuɓuce mini ne, ba da niyya ba. Amma in sa yatsa a bakin uwar mijina da gangan, ido biyu? Na san abin da matan Geza za su ce. Gwaggo ta ga ina jan ƙafa, ta ce mini a fili, "Bulo na nan. In kunya za ki koma, katanga ta fi mana sauƙi mu duka. In zama za ki yi da ni, ki zauna kamar ɗiya."

Maigidan ya tambayi malamin unguwa, aka ce mace ga mace babu laifi, a kiyaye tsafta, kuma ba da azumi a baki ba. Ya ce shi zai kai ni ya kuma ɗauko ni. Saura ni da ke.

Na daɗe ina juya maganarki, Innata. Na gane tsoro kike kada a raina miki ɗiya a gidan da ba ki sani ba. Ba a raina ni ba. Ana ajiye mini kan kifi mafi maiƙo, ana faɗa da wanda ya taka mini shanya. Da kina nan, na rantse ke za ki fara faɗuwa ƙasa in Gwaggo ta yi tafiyar agwagwa, don ai ba daga sama na ɗauko dariyar ba.

Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya saka miki da Aljanna Firdausi a kan duk tarbiyyar da kika yi mini. Ya ƙara wa Gwaggo lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a hannuna. Amin.

Na yanke farcena jiya. Na gaya wa Gwaggo da bakina cewa zan zauna da ita, kuma ranar kasuwar Lolo mai zuwa zan tafi wurin Tanti Bibata in fara koyo.

Ɗiyarki mai kewarki,
Balkisu