Furen Mama a Ɗakin Nelson

Puerto Natales, 4 ga Maris, 1981

Ƙanena Abelardo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Clorinda da yara. Ni ma lafiya lau, sai gwiwa.

Tambaya ce ta sa na ɗauki biro. Ka tuna furen kirisantemon Mama, wanda ke bayan madafa a gida? Ranar da zan biyo Froilán nan kudu bayan aurenmu, ta yanko mini saiwarsa ta naɗe a tsumma. Yana nan da ransa a jikin katanga, amma tunda na zo garin nan bai taɓa buɗe mini ba. Duk shekara zai yi ganye shar, ya jira sai Afrilu, bakin shigowar sanyinmu na nan, sannan ya ɗaure 'yan kawuna kamar maɓallin riga, sai in tashi wata safiya in tarar sanyi ya ƙone su baƙi ƙirin. Da Froilán na da rai dariya yake mini, ya ce, "Mata na shuka fure, tawa tana kiwon ganye." Yanzu da babu mai dariyar, abin ya fi ci mini rai. Me Mama take yi masa? Kai ka zauna da ita har ƙarshe.

Ɗana Nelson shiru har yau. Da zai tafi askin tumaki Ajantina cewa ya yi zai dawo kafin sanyi, ga shi sanyi na biyu zai shigo. Duk motar masu aski da ta sauka nakan je in tsaya. Sun san ni yanzu, tun daga nesa suke girgiza mini kai.

Maƙwabciyata Uberlinda ta koma wurin 'yarta a Punta Arenas, an buga katako a tagoginta. A layinmu gida biyu kawai ke fitar da hayaƙi.

Ka gaishe mini da kowa.

Yayarka,
Herminia

Achao, 20 ga Maris, 1981

Yaya Herminia,

Gaisuwa da fatan alheri daga dukanmu. Wasiƙarki ta same mu a gonar dankali, na karanta ta da taɓo a hannu, ki yi haƙuri da shatin yatsa.

Kina tambayar me Mama take yi wa furen? Zaginsa take yi. Ta watsa masa ruwan wanke-wanke, alade ya taka shi, duk da haka Mayu na kamawa sai ya cika bayan madafa da fure. Ba hannunki ba ne, Yaya. Irinsa ne mai nawa, ba ya buɗewa sai dare ya yi tsawo, ku kuma can kafin dare ya yi tsawo ƙanƙara ta riga ta iso. Na je wurin tsohuwa Eduvina mai sayar da fure a bakin coci, ta ce ki tone shi da ƙasarsa tun yanzu, ki sa a garwa, ki kai ɗaki mai samun rana. Amma ban da kusa da murhu, kuma ɗakin ya zama wanda ba a kunna fitila, don haske bayan faɗuwar rana yana ruɗa shi. Ta ce in kin bi haka bai buɗe ba, ki zo ki tsinka mata mari.

Namu na nan ya mutu bara, ruwa ya kwanta a gindinsa. Naki ne kaɗai ya rage.

Clorinda na tsaye a kaina tana cewa in rubuta ki dawo gida. Na ce ta nemo nata biron. Amma gaskiyarta. Ɗakin Mama ba kowa, ga kifi, ga mutane, ga wanda za ki yi wa faɗa kullum, wato ni. Me kike tsaro a garin da iska ke kayar da mutum?

Zancen Nelson kuwa, ki kwantar da hankalinki. Yaran yanzu sai haƙuri.

Ƙanenki mai jin magana,
Abelardo

Puerto Natales, 11 ga Afrilu, 1981

Abelardo,

Ina gaisuwa.

Na tone furen. Ni kaɗai na ja garwar a kan buhu har cikin gida, na kwana biyu ban iya miƙewa ba. Ɗakin da ba a kunna fitila bai yi mini wuyar samu ba, na Nelson na buɗe. Kwana kaɗan bayan nan ƙanƙara ta sauka, ta kashe duk abin da ke waje.

Ba wannan ya sa na rubuto ba. Ranar Asabar ina kantin Baldomero sai ga Sixto Cárcamo, wanda suka tafi aski tare da Nelson. Ya cire hula ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce, "Doña Herminia, barka da arziki. An zama kaka, shi ne ko ɗan biredi ba a raba mana ba?"

Na ce, "Kakar wa?"

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Ya ce, "Haba, 'yar gidan Nelson mana. Ai har hoton ranar baftisma ya nuna mini, ga kawunsa Abelardo riƙe da jaririya, ya sha kwat kamar ango."

Matar Baldomero ta shiga goge sikelin da ba abin da ya taɓa shi. Na ce wa Sixto na gode, na karɓi sukarina, na fito. Ban san ta wace hanya na iso gida ba. Na shiga ɗakin nan na zauna a bakin gadonsa, ni da garwa, har rana ta faɗi.

Ka rubuto mini cewa in kwantar da hankalina. Kana rubuta haka ka san inda yake? Ina tsaye a tasha cikin iska ina kallon fuskokin 'ya'yan mutane, kai kana riƙe da jikata?

Kada ka yi mini barkwanci a amsar nan.

Herminia

Achao, 27 ga Afrilu, 1981

Yaya,

Ina gaishe ki, in za ki amsa.

Gaskiya ne. A Janairu Nelson ya zo nan, shi da matarsa Marlene da yarinyar. Sunanta Yasna. Yana aikin rijiyoyin mai a Comodoro, can Ajantina, ya yi ƙiba, lafiyarsa ƙalau. Ya roƙe ni kada in faɗa miki, ya ce da bakinsa yake so ki ji. Na ba shi wata guda. Watan ya wuce, ni kuma na rasa ta inda zan fara.

Na tsare shi a bakin ruwa na ce, "Kai, uwarka me ta yi maka?" Ya ce ba ki yi masa komai ba. Ya ce gidan ne. Ko ya rufe ido tarin babansa yake ji ta bango, ya kasa komawa ya kwanta a ɗakinsa. Da farko ya ce sai wata mai zuwa, daga nan kunya ta kama shi, kullum shirun na ƙara nauyi. Na ce masa wannan ba hujja ba ce. Ya ce ya sani. Ya yi kuka kamar ba uban wata ba.

Ba na kare shi, ba na kare kaina. Adireshinsa na bayan takardar nan.

Yarinyar tana da goshinki, har da haɗe girar. Da fadan coci ya zuba mata ruwan baftisma ba ta yi kuka ba, harararsa ta yi.

Jirgin ruwa na tasowa daga wurinku tsakiyar Mayu. Ki hau, Yaya. Ki zo ki zage ni a gabana.

Ƙanenki,
Abelardo

Puerto Natales, 19 ga Mayu, 1981

Ƙanena,

Na amsa gaisuwarka.

Furen ya buɗe. Ba duka ba, na sama-sama ne, jajaye masu duhu, sun fi yadda nake tunawa ƙanƙanta. Na tsaya a kansu na rasa wanda zan kira. Da mai kawo itace ya zo na ce ya shigo ya gani. Ya leƙa daga bakin ƙofa ya ce, "Ya yi kyau, Doña," sannan ya tambaye ni inda zai jibge itacen.

Jirgi ya tashi shekaranjiya, na ji ƙahonsa daga madafa. Ba bana ba.

Ban rubuta wa Nelson ba tukuna. Na zauna sau da yawa, ban wuce sunansa ba. Amma ka tambayar mini Clorinda, tunda ta ɗauki yarinyar, yaya girman ƙafarta yake? Ina da ulu mai laushi, kuma an ce Comodoro ma akwai sanyi.

Allah ya bar mu tare.

Yayarka,
Herminia