Shafin Ragunan Baba Ya Ƙi Fitowa

Anti Saudatu, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma da wuri, don Babbar Sallah ta matso, ni kuma hankalina ba ya jikina.

Ni matar aure ce a Sandamu. Surukina, wanda muke kira Baba, mai turkar raguna ne tun kafin a haifi mijina. Uda da balami yake turkewa, da hannunsa yake ba su harawa da dusa, har hira yake yi da su. Masu saye daga Katsina da Kano duk da sunansa suka san shi. To bana ciwon gwiwa ya hana shi zuwa kara, kasuwar dabbobi, a Daura, kuma sun ɗan saɓa da Audi, dillalin da ya saba kai masa su kasuwa. Ana cikin haka sai mijina Yazid, da bakinsa ba ya riƙe magana, ya gaya wa Baba wai ai na yi difloma a kwamfuta, zan buɗe masa shafi a intanet masu saye su riƙa zuwa har gida. Ni ban ce zan iya ba, amma kuma ban musa ba. Baba ya sa mini albarka a gaban kowa, ya aika wa Audi cewa bana ya huta.

Na buɗe shafin, kuma wallahi ya yi kyau. Sai da na sa aka wanke ragunan tas kafin na ɗauke su hoto. A wurin da ake sa taken shafi na rubuta "Assalamu alaikum, barka da zuwa gidan Baba", don ba a tarar da mutane babu sallama, kuma shi na sa a kowane shafi. A wurin taƙaitaccen bayani na sa addu'ar Allah ya sa albarka a nema. Ban kwarzanta girman ragunan ba, saboda Iya, uwar mijina, tana tsoron kambun baka. Hotunan kuwa na bar su da lambobin da waya ta ba su.

Anti, shiru kake ji. In na rubuta "ragon layya Daura" a Google, shafukan wasu ne ke fitowa, namu ko ƙyallinsa babu. Wani tsohon mai sayen ragunan Baba ya kira Yazid daga Kano, ya ce ya nemi shafin da sunan Baba bai ga komai ba. Ƙanwar mijina Ikilima ta ce ai sai na rubuta sunan Baba na yanka ƙarara. Ta yaya? Tun da na shigo gidan nan ban taɓa furta shi ba. Ɗana na fari ma sunan ya ci, Abba muke ce masa. Na gwada bugawa, hannuna ya ƙi. Kuma Ikilima ba ta da kirki a wajen tsokana, in na rubuta sai ta karanta wa Iya a tsakar gida cewa ga abin da na rubuta.

Kullum da la'asar Baba yana zama a bakin garke, in na kai masa ruwa sai ya tambaye ni ko shafin ya kawo wani. Ina ce masa matsalar sabis ce. Harawa na ƙarewa, kuma kowa ya san ragon da ya wuce layya darajarsa ta faɗi. Shin akwai wani saiti a ɓoye da zan taɓa shafin ya fito ba sai na rubuta sunan ba? Ko in faɗa wa Baba gaskiya, in ci kunyar?

Taku, Surukar Gida, Sandamu.

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, shafinki bai lalace ba, gyara yake so. Amma ki lura da abu ɗaya. Na karanta wasiƙarki daga farko har ƙarshe, ban san sunan mai ragunan nan ba. Halin da Google yake ciki ke nan. Shi abin da aka rubuta yake karantawa, kuma gidan Baba akwai shi a kowane lungu na ƙasar Hausa.

Ba zan ce ki yar da kunyarki ba. Tarbiyya ce, kuma ita ta sa dattijon ya yarda da ke. Ikilima ma tana da gaskiya, sai dai ba lallai da yatsanki ba. Yazid da ya jawo miki aikin, sunan mahaifinsa yake rubutawa bayan nasa tun yana firamare. Ki zaunar da shi ya buga, ke ki kau da kai. In aka karanta a tsakar gida, ɗan gida ne ya rubuta.

Taken babban shafi ya fara da abin da mutane ke nema: ragunan layya, sunan Baba, Sandamu, Daura. Ya zama gajere, don Google yakan yanke wanda ya yi tsawo. Kowane shafi da nasa take, na uda daban, na balami daban, adireshinsa kuma ya ɗauki kalmar uda ko balami maimakon lambobi. Babban kanun da ke saman shafin ya faɗi abu ɗaya da taken. Sallamar ba ta ɓace ba, ki sauko da ita layin farko na rubutun, nan ne baƙo ya riga ya shigo.

Taƙaitaccen bayanin shi ke fitowa a ƙarƙashin take in an yi bincike. Jimla biyu sun isa: me kuke sayarwa, a ina kuke, ta yaya za a same ku. Kowane hoto ki ba shi suna da ɗan bayani, kamar farin ragon balami a Sandamu. Wannan ba yabo ba ne, siffantawa ce, don haka Iya ta kwantar da hankalinta. Ki rage nauyin hotunan su riƙa buɗewa da sauri a waya. Sannan ki leƙa saiti, akwai wani ɗan akwati da ke hana injunan bincike ganin shafi, masu gina shafi kan kunna shi su manta. In a kunne yake ki kashe.

Yanzu ga mai ɗacin. Ko yau kika gama gyaran nan, Google na iya ɗaukar kwanaki ko makonni kafin ya ɗago ku, kuma babu saitin da zai ba ki tabbacin kafin Sallah. Saboda haka zancen sabis ya isa haka. Gobe da la'asar, in kin kai ruwan, ki durƙusa ki gaya wa Baba cewa shafi kamar turka yake, ba ya ƙiba rana ɗaya. Shi ya fi kowa sanin haka. Ki roƙe shi ya nemi Audi su shirya, a kai wasu kara. Yazid kuma ya tura wa tsofaffin masu saye adireshin shafin ta waya tun yau. Kunyar minti biyar ta fi sauƙi a kan dattijo ya wayi gari ranar Sallah da garke cike.

Allah ya ba Baba lafiya, ya kawo kasuwa mai albarka, ya bar ki da mutuncinki a gidan. Ni ma ban sayi ragon layyata ba tukuna, kuma har yanzu ban san wa zan nema ba. Ki ce wa Yazid ya yi sauri.

Anti Saudatu